Labarin Malafa da 'Yan'uwanta

Cikin gaɓoɓin ɗan Adam babu wadda ta kai ido rauni, babu kuma wadda rashinta ya fi tsayar da mutum daga neman abinci. Manomin da ya rasa yatsa ya kan ci gaba da nomansa, wanda ya gurgunce ya kan zauna ya yi saƙa ko ɗinki, amma wanda ido ya mutu masa sai an ja shi da sanda. Saboda haka tun zamanin dā mutane ke ta dabarar abin da za su sa a ka, wanda zai yi wa ido inuwa, ya tare masa ƙura ko makami. A ƙasar Hausa babbar dabarar ita ce malafa, waɗansu su ce malfa, waɗansu gurumfa. Wannan labari nata ne, da na 'yan'uwanta, watau kwalkwali da rawani da hulunan da suka zo daga baya.

Wanda ya ke so ya gane amfanin malafa sai ya dubi ƙauye kamar Unguwar Tudu, cikin ƙasar Gwarzo da Kabo, yamma da birnin Kano. Gwarzo kamar mil 45 ta ke daga birni, kusa da iyakar Katsina. Mutanen wannan yanki manoma ne, suna shuka dawa da gero da masara da gyaɗa da auduga, Filani kuma suna kiwo a tsakaninsu. Abokan gaban ido a nan biyu ne. Na fari rana. Ƙasar Kano tana cikin yankin duniya inda rana ta kan tsaya daidai tsakar ka sau biyu a shekara, cikin Afrilu da cikin Agusta, har mutum ya nemi inuwarsa ya same ta ƙarƙashin ƙafarsa. Na Afrilu ya faɗo lokacin sharar gona, na Agusta kuwa ana tsakiyar aikin damina. Na biyu ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu ta kan taso daga arewa maso gabas, ta kwaso ƙura mai laushi kamar gari, mafi yawanta daga wani kwari da a ke kira Bodele a ƙasar Chadi, inda dā tafki ne ya ƙafe. Watau dai shekara duka idon manomi bai huta ba.

Yadda a ke yin malafa

Malafa aikin masaƙan kaba ne. A kan yanko kaba, watau ganyen goruba tun tana ƙarama, ko kuwa ganyen giginya, a shanya ya bushe, a tsattsaga shi siri-siri. Sa'an nan a saƙa shi ya yi tsawo kamar ɗamara, a fara ɗinki daga ƙoƙuwa, ana zagayawa ana buɗawa, har bakin ya yi faɗin da a ke so. Ta talaka iyakarta ke nan, sai igiyar da za ta riƙe ta a haɓa. Ta mai hali kuwa sai an kai wa baduku, ya bi ƙoƙuwa da gefen baki da jar fata wadda aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi, ya yi mata tuntu da maratayi. Aikin rani ne, a kan yi shi a gindin bishiya bayan an gama kaka, a kai kasuwa irin ta Gwarzo ko ta Getso kafin ruwa ya sauka. Wajen ƙawa kuwa ta Nufawa ta yi suna, domin a Bida saƙar malafa sana'a ce mai zaman kanta.

Kome na jikin malafa da dalilinsa. An ɗaga ƙoƙuwar don iska ta sami wurin zama tsakanin kai da saƙa, ƙananan ƙofofin saƙar kuwa su ke fid da zafi. An faɗaɗa bakin don inuwa ta sauka a ido da ƙeya da kafaɗu gaba ɗaya. An kuma karkata shi ƙasa don in ruwan sama ya zo ya gangare. Hausawa su kan ce inuwar giginya na nesa ka sha, to, masaƙin malafa ne ya warware wannan magana, don ya sauko da ganyen giginya ya aza wa na kusa a ka.

Ba manomi kaɗai ke sa ta ba. Bafillace ba ya fita kiwo sai da malafa da sanda da gora. Fataken da su ke zuwa Gwanja sayen goro su kan yi watanni a hanya, malafa ce ɗakinsu da rana, ita ce laimarsu da damina. Sarakuna da hakimai su kan aza ta bisa rawani in za su yi doguwar tafiya a kan doki, a yi mata ado da fata da gashin jimina, har yau kuma ana ganinta haka a hawan salla. Mata kuwa da tasu dabara. Mace mai goyo in rana ta take ta a hanya ta kan kife wa jariri ƙwarya a ka, ita kuma ta kāre fuskarta da faifai.

Akwai abu guda da ya kamata mai karatu ya riƙe, don shi ne zai buɗe masa sauran labarin. Bahaushe bai ɗauki malafa tufar zama ba. A bisa hula ko rawani a ke aza ta. In ya iso gaban babba zai yi gaisuwa, ko lokacin salla ya yi, sai ya ture ta baya ta rataya a igiyarta, goshinsa ya fito fili. Watau an raba aiki biyu: hula da rawani su ne na mutunci da ibada, ba su da baki, malafa kuwa ta rana ce da tafiya.

Kwalkwali

Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Kananeji ɗan Yaji, wanda a ke lissafin sarautarsa daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, saboda yawan mutanen da ya ke rasawa a yaƙi. Tun daga nan 'yan lifida suka zama garkuwar sarki a fagen fama. Cikin ƙarni na 19 kwalkwalinsu yawanci tsumma ne aka cusa ya yi kauri, aka ɗora masa tagulla ko farin ƙarfe a sama, aka soka gashin jimina. A wannan zamani yammacin Kano bakin dāga ne, domin mahara daga Maraɗi su kan ratso ƙasar Katsina su fāɗa wa ƙauyuka, saboda haka mutanen ƙasar Gwarzo sun san barde da kayan yaƙinsa.

Kwalkwalin Hausa ya rufe kai, amma ya bar fuska a buɗe. A ƙasar Turai kuwa, tun cikin ƙarni na 14, maƙera suka yi wa kwalkwalin ƙarfe murfi a gaba, wanda a ke ɗagawa a saukar kamar ƙyaure, da 'yar tsaga daidai ido. Irin wannan ya dace da ƙasar sanyi. A ƙasar Kano mutumin da ya riga ya naɗe kansa da dokinsa cikin lifidi, in ya ƙara rufe fuska da ƙarfe cikin zafin bazara, zafi zai kā da shi kafin abokin gaba ya iso. Ko a Turai ma murfin bai hana ƙaddara ba. A shekara ta 1559 Sarkin Faransa Hanri na Biyu yana wasan sukuwa da māsu a birnin Paris, māshin abokin wasansa ya karye, tsinken ya kutsa ta murfin ya soke shi a ido. Ya yi kwana goma yana jinya, ya mutu.

Rawani da amawali

Mutanen da suka fi kowa sanin ƙura su ne Abzinawa. Kowace shekara ayarinsu ya kan ƙetare rairayi zuwa Fachi da Bilma ɗaukar gishiri, sa'an nan su gangaro ƙasar Hausa su sayar, su sayi hatsi da tufafi. Namijinsu ya kan naɗa rawani mai tsawon kamu 10 ko fiye, ya sauko da shi bisa gira, ya ja amawali ya rufe baki da hanci, ba abin da ya rage sai 'yar tsaga ta ido. Naɗin sama ya rage ƙyallin rairayi, na ƙasa ya tare ƙura, ya kuma hana maƙogwaro bushewa. Da daɗewa abin ya zama al'ada ta kunya, har babban mutum ba ya buɗe bakinsa gaban surukansa.

Abin sha'awa, wannan rawani na mutanen hamada a ƙasar Kano a ke yinsa. Garin Kura ya shahara da saƙar turkuɗi, a rina da baba, a buga a mabuga har ya riƙa ƙyalli, shi ya sa a ke cewa ɗan Kura. Baturen nan Barth, wanda ya ke kiran kansa Abdulkarimu, ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano suna kai wa har Tumbutu da Gat da Murzuk da Tarabulus. Ashe kāre idon Ba'abzine ya ciyad da marina da mabuga da masaƙa masu yawa.

A ƙasar Hausa rawani ya wuce maganin ƙura, ya zama alamar malanta da sarauta. Wajen shekara ta 1788, a Magami, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙi karɓar dukiyar da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya ba shi, ya nemi abu biyar maimakonta, ɗaya daga ciki shi ne a girmama duk mai rawani. Bayan 'yan shekaru Sarkin Gobir Nafata ya hana maza naɗa rawani, ya hana mata lulluɓi, don ya rage ƙarfin jama'ar Shehu. Wannan doka tana cikin abubuwan da suka kai ga hijira zuwa Gudu a 1804. Daga nan mai karatu zai gane abin da a ke sawa a ka ba ƙaramar magana ba ce.

Hulunan Turawa

Ran 3 ga Fabrairu, 1903, rundunar Ingilishi ta shiga birnin Kano. Hafsoshinta suna sanye da wata hula mai tudu, mai baki gaba da baya. A ƙasar Indiya aka riƙa yin irinta, da totuwar wani tsiro na fadama, marar nauyi kamar totuwar kara, a lulluɓe da yadi. Turawan wancan zamani sun gaskata in rana ta taɓa kan Bature ko na ɗan lokaci kaɗan ne sai ta kā da shi, saboda haka Razdan da Di'o ba su fita rangadi sai da ita. Gwamna kuma ya kan soka wa tasa fararen gashin tsuntsu ranar biki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka gane tsoron ya yi yawa, suka bar ta. Manomin Unguwar Tudu da ya ga wannan hula bai ga baƙon abu ba, don aikin malafarsa ta ke yi, sai dai tasa ta fi faɗin inuwa, ta kuma fi araha.

Sojan ƙasa kuwa jar dara aka ba su ta fareti, ba ta da baki ko kaɗan. Da yaƙi ya kai su ƙasar Bama, cikin runduna ta 81 da ta 82, tsakanin 1943 da 1945, sai aka ga dara ba ta aikin daji, suka sa hula mai faɗin baki wadda a ke naɗe gefe guda, da kuma hular ƙarfe. Wannan ta ƙarfen ce aka laƙaba wa suna hular kwano. Bayan samun mulkin kai a 1960 soja suka bar jar dara, hafsoshi da manyan 'yan sanda suna sa hula mai ɗan baki a goshi.

Hana-salla

Hula mai baki a gaba kaɗai ta sami suna a bakin Hausawa tun da wuri, suka ce mata hana-salla, don in mutum ya kai goshi ƙasa bakin ne zai riga shi isa. Sunan nan ya nuna inda bambancin ya ke. Turawa sun haɗa tufar mutunci da abin inuwa cikin hula guda, ba a ture ta baya kamar malafa, kuma ga ma'aikaci tana cikin kayan sarki.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai aka lura da wannan ba. A 1829 Sarkin Turkawa Mahmudu na Biyu ya umarci ma'aikatansa su bar rawani su sa dara, aka yi gunaguni, amma ta zauna, don ba ta hana sujada. A 1925 Mustafa Kamal ya kafa doka ya hana dara, ya ce sai hula mai baki irin ta Turai. Aka yi tarzoma a waɗansu garuruwa, har aka kashe mutane a kanta. A 1928 Sarkin Farisa Riza Shah ya wajabta wa maza hula mai baki a goshi, masu salla suka riƙa juya bakin baya. A ƙasar Hausa ba a taɓa tilasta wa talakawa irin wannan ba, shi ya sa abin ya tsaya a kan laƙabi da ba'a.

Irin wadda samari ke sawa yanzu daga Amurka ta fito, 'yan wasan ƙwallon sanda ne suka fara yayinta tun wajen 1860. Ta shigo ƙauyuka cikin dilar gwanjo, sa'an nan 'yan siyasa da kamfanoni suka riƙa buga sunansu a jikinta suna rabawa kyauta. Tana da sauƙin ɗauka, iska ba ta fizge ta kamar malafa, in salla ta zo a juya ta ko a cusa a aljihu. Amma inuwarta ta goshi ce kawai, ta bar gefen ido da kunne da ƙeya a rana.

Hular kwano ta masu babur

Da babur ya maye gurbin doki da jaki a hanyoyin ƙauye, sai tsohuwar bukatar barde ta dawo, watau abin da zai tsare kai in an fāɗi. A Ingila wani likita mai suna Cairns ya bincika mutuwar masu babur, ya nuna yawancinta daga raunin kai ne, saboda haka a 1941 sojan Ingila suka wajabta wa masu babur nasu hular kwano. Daga baya aka yi mata murfi na roba mai haske kamar gilashi, wanda a ke ɗagawa a saukar. Murfin kwalkwalin Turai ke nan ya dawo, amma wannan karo ana gani ta cikinsa sarai. Shi ke tare ƙura da tsakuwa da ƙwaro, waɗanda in sun shiga idon mai gudu da babur su kan jawo haɗari nan take.

A Nijeriya an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988. Ran 1 ga Janairu, 2009, ta fara tilasta wa mai babur da wanda ya goya su sa hular kwano. A Kano aka ga waɗansu 'yan acaɓa sun kife ƙwarya ko robar fenti a ka don su wuce ma'aikata, labarin ya bazu har ƙasashen waje ana dariya. Dalilansu su ne tsada, da zafi, da ƙyamar sa hular da wani ya sa, da kuma cewa ba ta hawa bisa hula ko rawani. Ƙwarya ta isa ta yi wa jariri inuwa, amma ba ta iya karo da kwalta. Haka kuma mai walda da ya bar garkuwarsa mai baƙin gilashi ya dogara ga tabarau na kasuwa, ya kan kwana idonsa na zuba ruwa kamar an watsa masa yashi, don hasken walda ƙona fatar ido ya ke yi.

Abin da likitoci suka gano

Makanta tsohon ciwo ne a ƙasar nan. Baturen nan Clapperton da ya zo Kano a 1824 ya rubuta cewa ya ga unguwa guda ta makafi cikin birni. A 1943 aka buɗe asibitin ido na mishan a Kano, mutane suka riƙa zuwa daga nesa. Tsakanin 2005 da 2007 aka yi binciken ido a Nijeriya duka, aka sami cikin mutum 100 masu shekara 40 zuwa sama kamar 4 makafi ne, abin kuwa ya fi yawa a Arewa. Cikin makafi 100 kuma, 43 yanar ido ce ta makantar da su.

Babban dalilin yanar ido tsufa ne, amma likitoci sun tabbatar cikin hasken rana akwai wani kashi da ido ba ya gani, wanda ke gaggauta ta ga mai yawan aiki a fili. Shi ne kuma, tare da ƙura da iska, ke sa wata tsoka ta tsiro a farin ido ta nufi baƙin. Wannan haske ya fi samun ido da hantsi da la'asar, sa'ad da rana ta karkata ta kuɓuce wa gira, ya kan kuma taso daga ruwa da farin rairayi. Saboda haka masu noman rani a bakin madatsun ruwa, kamar na Guzuguzu a ƙasar Kabo, su ma suna cikin masu bukata. An auna an ga hula mai faɗin baki tana iya tare har kusan rabin wannan haske, in an haɗa da tabarau na ƙwarai kuwa sai ya ragu ƙwarai da gaske. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba ma'aikatan fili shawara su sa hula mai faɗin baki, watau abin da masaƙin kaba ya daɗe yana yi.

Amma kada a aza wa malafa kayan da ba nata ba. Ba ta maganin amosanin ido, wanda ƙuda da ƙazamin hannu ke yaɗawa, maganin wannan wanke fuska ne da tsabta da zuwa asibiti. Ba ta kuma cire yanar da ta riga ta rufe ido, wannan sai likita, aikin kuwa ba ya daɗewa, mutum ya koma yana gani.

An tambayi ido wa ya raina, ya ce wanda ya ke gani yau da gobe. Haka ta sami malafa. Yau saurayi da yawa ya kan ji kunyar sa ta, wai ta tsofaffi ce da 'yan ƙauye, ya tafi gona da hana-salla ko da kai a buɗe. In masu saye suka ragu masu saƙa za su ragu, in kuwa dattawan da suka iya suka ƙare ba su koya wa kowa ba, sana'ar ta tafi ke nan. Kowane aiki da abin kansa: gona da kiwo malafa, hunturu rawani ko ƙyalle a fuska, babur hular kwano mai murfi, walda garkuwa, masallaci da zaure kuwa hula. Mai gida ya kamata ya fara da kansa, sa'an nan ya saya wa yaran da ya ke turawa kiwo da tsaron tsuntsu, don lahanin rana tun daga ƙuruciya ya ke taruwa. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya tsare idon kowa, ya sa a tsufa ana gani, amin.